Tatsuniyar da Ba a Yi wa Ƙurunƙus Ba

Duk wanda ya yi ƙuruciyarsa a gidan da ake tatsuniya ya san wannan ɗan ƙaramin baƙin ciki. An ci tuwon dare, an shimfiɗa tabarma a tsakar gida, tsohuwa ta ce ga ta nan ga ta nanku, yara sun amsa da cewa ta zo mu ji ta. Labari ya miƙa, Gizo ya faɗa rami, Ƙoƙi tana can gida tana jiransa, sai muryar tsohuwa ta fara ja, ta fara sanyi, can sai a ji minshari. In an taɓa ta sai ta ce a bari sai gobe. Goben kuwa ko a yi baƙi, ko a yi ruwa, ko ita kanta ta mance inda ta tsaya. Yaran nan ba sa barci nan take. Sukan kwanta suna raɗa, wannan ya ce Gizo zai ɓulla ta wata kafa, wancan ya ce ai kura ce kwance a ramin, har a kai ga musu, wani lokaci har da dunguri.

Mabuɗin tatsuniya wata 'yar yarjejeniya ce. Mai labari ya yi tayi, masu sauraro sun karɓa, sun ba da kunnuwansu da lokacinsu. Marufin kuwa, wato ƙurunƙus, shi ne sallama, da shi ake sanar da yaro cewa an sauke nauyi, ya koma harkokinsa. To, idan aka buɗe ba a rufe ba fa? Wane ne mai sauran labarin, wanda ya yi shiru ko wanda aka bari da rabinsa a ka? Tambayar ta yi kama da ta yara, amma akwai manya masu furfura a Amurka da suka yi shekaru fiye da ashirin suna fama da ita a kan wani wasan kwaikwayo na talabijin mai suna Firefly. Da shi nake so mu auna al'amarin, domin ban san misalin da ya fi shi fito da matsalar fili ba.

Joss Whedon ne ya ƙirƙiro wasan, tashar Fox ta fara nuna shi ranar 20 ga Satumba, 2002. Ƙagaggen labarin kimiyya ne da aka gina a shekarar 2517, lokacin da 'yan Adam suka bar wannan duniya suka bazu a wasu duniyoyi masu nisa. An yi yaƙin basasa, babbar gwamnatin da ake kira Ƙawance ta murƙushe masu neman 'yancin kansu. Wani saje daga cikin rundunar da aka ci da yaƙi, Malcolm Reynolds, ya sayi tsohon kumbon ɗaukar kaya, ya sa masa suna Serenity, sunan kwarin da aka karya rundunarsu, ya shiga yawon neman abinci a gefen duniyoyi, yau jigila, gobe fasa-ƙwauri, jibi sata. Mutum 9 ne a cikin kumbon, kowa da abin da yake gudu. Sunan wasan kuwa daga ƙirar kumbon aka samo shi, domin bayansa yana walƙiya kamar ƙwaron nan maƙesu. Whedon ya gauraya labarin sararin sama da finafinan kaboyi: ga kumbo, ga dawaki da garken shanu, mutane suna Turanci suna zagi da Sinanci.

Tun daga farko tashar ba ta yi wa wasan riƙon kirki ba. Kashin farko mai tsawon awa biyu, wanda a cikinsa aka gabatar da taurarin, ba ta gamsu da shi ba, sai ta sa aka rubuta wani cikin gaggawa aka fara da shi. An riƙa nuna sauran a hargitse, a daren Juma'a, wani makon ma a tsallake saboda wasannin ƙwallo. Kashi 14 aka shirya, 11 aka nuna, aka soke wasan a watan Disamba na wannan shekara saboda masu kallo, kimanin miliyan 4 da dubu 700, ba su kai yadda ake so ba. Abin dariya, abin kuka, kashin farkon da aka ƙi shi ne aka nuna a ƙarshe, ranar 20 ga Disamba. Kamar a ara wa mutum littafi a ce ya fara daga babi na biyu, babin farko kuma sai ranar da za a karɓe littafin.

Masoyan wasan ba su haƙura ba. Sun raɗa wa kansu sunan rundunar da aka ci da yaƙi a cikin labarin, wato masu kwat ruwan ƙasa, suka tara kuɗi suka sayi shafin talla a mujallar Variety, suka yi ta aika wasiƙu zuwa wata tasha ko za ta karɓi wasan. Da faifan DVD ya fito a Disamba 2003 suka saye shi da yawan da ya taimaka wajen jan hankalin kamfanin Universal, har aka yi fim ɗin Serenity a 2005. Ba su ne farkon masu irin wannan fafutuka ba, masoyan Star Trek sun yi ta a 1968, suka sama wa wasansu ƙarin shekara guda kafin a soke shi a 1969. Amma ba fafutukar ce ta fi damuna ba. Abin da ya fi damuna shi ne raɗar nan ta cikin duhu, wato hasashen da suka yi ta yi a kan abin da labarin bai kai ga faɗa ba.

Mu ɗauki mutum ɗaya daga cikin tara ɗin. Derrial Book dattijon malamin Kirista ne, irin waɗanda ake kira makiyayi a cikin labarin, Ron Glass ne ya fito a matsayinsa. Ya baro gidan ibada ya shigo kumbon a matsayin fasinja, mai sanyin murya, mai yawan nasiha. Sai dai tun a kashin farko ya buge wani ɗan sanda ya sumar da shi, da gwanintar da ba a koyo a ɗakin addu'a. Ya san dabarun 'yan fashi, ya san yadda jami'an tsaro ke aiki, da aka shiga faɗa kuma ya ɗauki bindiga yana harbin mutane a gwiwa ba kuskure. Babbar alamar tana cikin kashin da aka harbe shi. Abokan tafiyarsa suka rasa likita, suka kai shi wani jirgin yaƙin Ƙawance, inda aka yi musu kallon banza. Da kwamandan ya duba katin shaidarsa sai nan take ya ba da umarni a ruga da shi ɗakin jinya. Ba a ce komai ba. A kashin da ya zo ƙarshe a jerin labarin, wani mafaraucin mutane ya dube shi sau ɗaya ya ce wannan ba makiyayi ba ne. Daga nan aka rufe shago.

Shekaru takwas masoya suka yi suna jujjuya waɗannan 'yan alamu. Wasu suka ce tsohon babban hafsan Ƙawance ne da ya tuba, har da masu cewa yana cikin waɗanda suka jagoranci yaƙin kwarin Serenity, ke nan ya shigo kumbon mutumin da ya karya ne don neman kaffara. Wasu suka ce ɗan leƙen asiri ne. Bayan fitowar fim ɗin 2005, wanda ya nuna wani irin ma'aikacin sirri na gwamnati marar suna marar muƙami mai kisa da cikakken imani, sai da yawa suka ce lalle Book ma irinsa ne a da.

Mai karatu zai iya cewa wannan ai aikin marasa aikin yi ne, kuma ƙorafin yana da ƙarfi fiye da yadda masoya ke so su yarda. Book ba mutum ba ne. Ba a haife shi ba, ba shi da ƙuruciya, ba wani kundi da aka ɓoye tarihinsa a ciki. Iyakarsa abin da aka rubuta aka kuma nuna, bayan wannan sai iska. Mai binciken tarihinsa kamar mai ɗaga hoton gida ne yana leƙa bayansa ko zai ga bayan gidan. Daɗin daɗawa, Bahaushe ya ce zato zunubi, ko da ya zama gaskiya. Me zai sa mutum mai hankali ya ɓata darensa yana zato a kan wanda ma babu shi?

Amsata ita ce, mai labarin ne da kansa ya gayyace su. Ba a sa katin shaidar nan a hannun kwamanda don a wuce shi ba, an sa shi ne don mai kallo ya tambaya. Manazarcin nan Bajamushe, Wolfgang Iser, ya yi bayani tun a shekarun 1970 cewa kowane ƙagaggen labari cike yake da giɓi, kuma aikin karatu shi ne cike giɓin. Marubuci yakan ce mutum ya fita da safe ya dawo da yamma idonsa ja, mai karatu ne ke sa kuka a tsakani. Idan haka ne, mai hasashe bai yi wani abu dabam da abin da kowane mai karatu yake yi ba, sai dai shi an bar masa giɓin da ya fi na kowa faɗi. Amma a nan ina ganin akwai bambancin da ya kamata a lura da shi. Akwai giɓin da magini ya bari da gangan, wato taga, akwai kuma giɓin da ya samu saboda kuɗin gini sun ƙare, wato kango. A watanni ukun da aka yi ana nuna wasan, sirrin Book taga ce, tana shigo da iska cikin labarin. Ranar da aka soke wasan sai ta koma kango. Wanda ya tsaya gaban kango yana cewa nan ne za a yi zaure, can ne turaka, ba ya ƙarya, harsashin ginin yake karantawa.

Wannan ne kuma ya sa ban yarda da masu cewa duk hasashe ɗaya ne ba. Harsashi yana hana wasu abubuwa. Wanda ya ce Book tsohon hafsa ne yana da katin shaida a hannunsa. Wanda ya ce aljani ne daga wata duniya ba shi da komai, domin labarin kaf babu wata halitta mai hankali sai ɗan Adam. Akwai hasashe mai hujja, akwai na son zuciya, kuma masoyan da kansu sun san haka, shi ya sa suke musu da juna da lambar kashi da abin da wane ya ce a minti kaza. Ban ga bambancin wannan da abin da muke koya wa ɗalibai a ajin nazarin zube ba, in ban da cewa su ba wanda ya yi musu barazanar jarrabawa. Turawan Ingila ma sun yi irinsa tun kafin a san talabijin. Charles Dickens ya mutu a 1870 ya bar littafinsa The Mystery of Edwin Drood a rabi, kashi 6 cikin 12, ba a san wanda ya yi kisan ba, ba a ma tabbatar an yi kisan ba. A 1914 masoyansa suka kafa kotun wasa a Landan suka gurfanar da wanda ake zargi a cikin labarin, marubuci G. K. Chesterton ne alƙali, George Bernard Shaw kuma shugaban masu taya alƙali yanke hukunci. Ba a ce waɗannan marasa aikin yi ba ne.

Sai dai Dickens ajali ne ya katse shi, ba wanda zai kai ƙarar ajali. Firefly kuwa lissafi ne ya katse shi, kuma nan ne batun ya tashi daga nazari ya koma na hakki. Alkawari kaya ne. Wanda ya dasa tambaya a zuciyar mutum miliyan huɗu ya ɗauki wani abu a kansa. To, wa za a bi bashin? Marubucin bai gudu ba, kore shi aka yi. Tashar kuwa za ta ce ita ba ta taɓa yi wa kowa alkawarin ƙarshen labari ba, kuma a bisa tsarin kasuwancinta gaskiya ta faɗa. Tashar da ke rayuwa da talla ba labari take sayar wa masu kallo ba, masu kallon take tarawa ta sayar da idanunsu ga masu talla, labarin tsaba ce da ake watsa wa kaji. In kajin ba su taru ba sai a daina watsawa. Mun san Shaharzad ta Dare Dubu da Ɗaya, wadda take katse labari da asuba don sarki ya bar ta da rai zuwa gobe. Marubucin talabijin jikanta ne, da ƙishin gobe yake sayen kwanansa, sai dai sarkinsa ba ya sauraron labarin, alƙaluman ƙidaya kawai ake karanta masa.

Saboda haka ba na wanke marubucin gaba ɗaya. Ya san gidan da yake aiki, ya san ana soke yawancin sababbin wasanni tun suna jarirai, amma ya ci gaba da ƙulla abin da bai tabbatar zai sami damar kwancewa ba. Bashi ne da ya ci da sanin cewa aljihun da zai biya daga ciki ba nasa ba ne. Duk da haka laifin ƙarami ne, domin in aka ce kada wanda ya fara labari sai wanda ya tabbatar zai ƙare shi, to ba mai buɗe baki. Abin da nake ganin ya biyo baya shi ne, tun da ba a iya biyan bashin ba, wanda ake bi ba shi da bakin hana mai bin bashi ya ɗebi abin da ya samu. Masu karatun littattafanmu na Kano da suka sayi na ɗaya da na biyu suka yi ta zarya kasuwa ba su sami na uku ba sun san wannan hali, kuma na tabbata kowannensu ya aurar da yarinyar ga wanda ya ga dama a zuciyarsa.

Matsalar da ta fi wuya tana zuwa ne ranar da mai labarin ya farka ya ce ga abin da na so in faɗa. Hakan ta faru. A Nuwamba 2010 aka fitar da wani littafin labari cikin zane mai suna The Shepherd's Tale, wanda Zack Whedon ya rubuta bisa tsarin da ɗan'uwansa Joss ya ba shi. A ciki aka ce sunan Book na yanka Henry Evans, ya gudu daga hannun uba mai duka, ya yi zaman ɓarayi, ya shiga rundunar masu neman 'yanci, ya kashe wani mai suna Derrial Book ya ɗauki sunansa, ya kutsa cikin sojojin Ƙawance a matsayin ɗan leƙen asiri, ya yi girma a cikinsu, ya jawo musu mummunar asara, aka sallame shi a wulaƙance, ya lalace da shaye-shaye, daga bisani ya sami imani. Labari ne mai ma'ana, har ya juya hasashen mutane a kansa, domin wanda aka ɗauka azzalumi ne da ya tuba ashe ɗan tawaye ne da ya sa rigar azzalumai har ta kama jikinsa. Amma ni da na karanta sai katin nan ya dawo mini. In korarren hafsa ne da ya jawo asara, me ya sa kwamanda ya rikice da ganin sunansa? Ana iya cewa gwamnati ta rufe abin kunyar ne ta bar masa darajarsa a takarda, sai dai wannan ma hasashe ne. Amsar ta zo, ga shi kuma tana bukatar a yi mata ciko.

Misalin Inara ya fi wannan tsanani. Mace ce mai zaman kanta, wadda a duniyar labarin sana'arta take da lasisi da martaba. A kashin farko, lokacin da kumbon ya yi kusa da faɗawa hannun wasu mahaukatan mahara masu cin naman mutane, an nuna ta ta buɗe wani ɗan akwati mai allura a ciki, ta dube shi, ba ta ce komai ba. Yawancin masu kallo suka ɗauka guba ce ta tanada don ta kashe kanta kafin a kama ta. A 2008 Morena Baccarin, wadda ta fito a matsayinta, ta bayyana a wani taron masoya cewa an tsara Inara tana ɗauke da ciwon ajali. A 2012 kuma, a shirin cikar wasan shekara goma, Tim Minear, abokin aikin Whedon, ya ce allurar magani ce da za ta hallaka duk wanda ya keta mutuncinta, kuma an yi tunanin wani kashi da maharan za su kama ta, a zo a tarar duk sun mutu. Masoya da yawa ba su ji daɗin wannan ba, ni ma ban ji ba. Hasashen masu kallo ya bar wa matar nan zaɓi a hannunta, niyyar marubutan kuwa ta mai da azabarta hanyar gyara halin wani namiji.

Shin dole ne mai kallo ya jefar da nasa ya ɗauki nasu? A ganina ba dole ba ne. Niyya ba aiki ba ce. Abin da aka faɗa a kan kujera bayan shekara goma shaida ce a kan abin da ya taɓa ratsa zukatan marubuta, tana da daraja ga mai tarihin wasan, amma ba ta shiga labarin ba. Ba a rubuta ta ba, ba a gwada ta a bakin 'yan wasa ba, ba ta tsallake gardamar ɗakin marubuta ba, inda shawarwari da yawa ke mutuwa. Whedon da kansa ya san haka. A wasansa na baya, Buffy the Vampire Slayer, an shigo da wani mugu mai suna Spike a 1997 da niyyar a kashe shi bayan 'yan makonni, sai ga shi ya kai har ƙarshen wasan a 2003. Da an soke wancan wasa da wuri, aka zo daga baya aka ce ai mutuwa zai yi, da an faɗi gaskiyar niyya, an kuma yi kuskuren abin da zai faru. Ban kai ga bin Roland Barthes ba, wanda ya yi shelar mutuwar marubuci a 1967. Marubuci yana nan da ransa, kuma in ya zauna ya yi sabon aiki, kamar littafin zanen nan, aikin yana da nauyin da zancen baka ba shi da shi. Sai dai ko shi ɗin, Whedon na 2010 ne yake karanta Whedon na 2002. Ya fi kowa kusa da harsashin, amma shi ma gaban kangon yake tsaye.

Kada a ɗauka na ba masoya gaskiya a komai. Akwai ciwon da ke kama mai son abin da aka katse, kuma na gan shi a cikinsu. Zangon da ba a yi ba ba ya da aibi, domin ba a yi shi ba. Firefly bai rayu har ya tsufa ba, bai kai shekarar da marubuta kan gaji su fara maimaita kansu ba, bai sami damar ba kowa kunya ba. Kamar yaron da ya rasu yana shekara bakwai ne, wanda a bakin uwarsa da ya rayu da ya fi duk 'yan'uwansa, su kuwa rayayyun kullum ana ganin laifinsu. Mai hasashe yakan manta cewa abin da yake kwatantawa da sauran wasanni rabinsa shi ya gina shi, da kayan da ya fi so. Fim ɗin 2005 ya ɗan nuna haka. An kashe dala miliyan 39, abin da ya dawo daga gidajen silima bai wuce kimanin miliyan 40 ba, ya ci kyautar Hugo a 2006, amma ya kashe biyu daga cikin taurarin tara, Book da matuƙin kumbon, Wash. Waɗanda suka yi shekara uku suna roƙon ci gaba sun samu, wasunsu kuma suka fito silima suna cewa da ma an bar su da nasu.

Wani abin kuma shi ne daɗin zama wanda aka zalunta. Whedon ya ce tunanin wasan ya zo masa ne bayan ya karanta The Killer Angels, littafin Michael Shaara a kan gumurzun Gettysburg na yaƙin basasar Amurka, ya shiga tunanin rayuwar waɗanda aka ci da yaƙi. Da aka soke wasan sai masoya suka tarar da rigar a ɗinke: su ne 'yan tsirarun masu gaskiya, tashar ita ce Ƙawance. Sokewar ta zama kamar kashi na 15. A nan ne karin maganar nan ta zato take da gurbi. Yi wa Book zato ba ya cutar da kowa, ba shi da mutuncin da za a zubar. Amma idan hasashe ya tsallaka daga mutanen labari zuwa mutane masu rai, aka fara cewa wane ya kashe wasan ne don hassada, wance ta ƙi dawowa ne don girman kai, ba tare da wata hujja ba, to an bar nazari an shiga gulma. Haka kuma wanda ya mai da hasashensa aƙida, yana zagin ɗan'uwansa don ya ce Book hafsa ne shi kuwa ya ce ɗan leƙen asiri ne, ya koma yaran tsakar gida masu dunguri, alhali su yaran da safe sun manta.

Akwai wani ɗan wuri a cikin fim ɗin da nakan koma na sake kallo. Reynolds ya je wurin Book neman mafaka da shawara, dattijon ya bayyana masa yadda ma'aikatan sirrin gwamnati suke tunani, da sanin da ya wuce na mai wa'azi. Reynolds ya ce masa wata rana sai ya ba shi labarin inda ya san duk wannan. Book ya amsa a taƙaice cewa ba dole ba ne. Ba a daɗe ba aka kashe shi, ya tafi da abinsa. Lokacin da aka rubuta wannan wuri Whedon ya san mai yiwuwa ita ce damarsa ta ƙarshe, ya san tambayar da mutane suka fi yi masa, ga fili ga mai doki, amma ya sa dattijon ya ƙi. Wato ya ɗauki kangon ya mai da shi taga da hannunsa, shekaru biyar kafin ya yarda a toshe ta. Ron Glass ya rasu a Nuwamba 2016, saboda haka duk abin da za a sake yi da wannan labari, ba za a ji amsar daga muryar da ta ƙi bayarwa ba. Na karanta littafin zanen sau biyu, yana nan a kan kanta, ban ce ƙarya yake ba. Amma duk lokacin da na kai wurin da kwamandan nan ya dubi katin ya canza fuska, har yanzu tsohon hafsan da ya ci yaƙi ya kasa barci nake gani kwance a kan gadon ɗaukar marasa lafiya.